Ɗanjuma da Ɗanjummai: Sharhi a kan Harshen Muhawarar Ficewar Nijar daga ECOWAS

Gabatarwa

Ranar 28 ga Janairu, 2024, gwamnatocin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewarsu daga Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Bayan shekara guda, watau ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar ta tabbata, ƙungiyar ta koma ƙasashe 12 maimakon 15. Masana siyasa da na tattalin arziki sun tofa albarkacin bakinsu a kan wannan al'amari. Abin da ya shafi mai nazarin harshe a ciki shi ne, babban kaso na muhawarar da Hausa aka yi shi, a rediyo da wuraren wa'azi da tashoshin mota da kasuwanni, har ma da bakin shugabanni. A watan Disamba na 2024 Janar Abdurrahman Tiani ya zargi hukumomin Nijeriya a wata hira da ya yi da Hausa, mai ba shugaban Nijeriya shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribaɗu, shi ma ya mayar da martani da Hausa.

Manufar wannan takarda ita ce ta duba irin adon harshen da aka tufatar da muhawarar da shi, ta auna abin da kowane salo ya haska da abin da ya rufe. An ɗauki ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ta Jihar Kebbi a matsayin dandalin da za a tsaya a yi hange, domin tarihinta da kasuwarta sun ɗaure ta da tsallaken iyaka. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, salon zumunta da salon 'yanci sun cika fili har sun danne harshen kasuwa, alhali kuwa shi ne ya fi dacewa da abin da ake jayayya a kai.

Asalin Rikicin

Ranar 26 ga Yuli, 2023, dakarun da ke tsaron fadar shugaban Nijar suka tsare Shugaba Muhammad Bazoum, Janar Tiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga wannan wata shugabannin ƙungiyar suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka dakatar da hulɗar kuɗi da ciniki, suka ba sojojin mako guda su mayar da Bazoum. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ke tafiya Yamai ta layin Birnin Kebbi, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa a lokacin. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umurnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. Ƙasashen uku kuwa suka ƙulla ƙawancen tsaro ranar 16 ga Satumba, suka sa wa yarjejeniyarsu sunan Liptako-Gurma. An janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024, bayan roƙon da Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya yi, amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ƙungiyar da ba a Raɗa wa Suna ba

Abu na farko da mai lura zai gani shi ne, a cikin shekaru kusan hamsin Bahaushe bai raɗa wa wannan ƙungiya suna nasa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sami suna mai hoto, wanda ko yaro ya ji zai gane nufinsa. Ita kuwa wannan, Bahaushen Jega yana ce mata Ekowas bisa taƙaitawar Ingilishi, ɗan'uwansa na Dogondutsi yana ce mata Sedeyawo bisa ta Faransanci. Doguwar fassarar da 'yan jarida ke karantawa ba ta taɓa sauka kasuwa ba. Abin mamaki a nan shi ne, karin harshen mutanen biyu kusan ɗaya ne, dukansu suna cewa "shina" inda Bakano ke cewa "yana", suna cewa "na" da "ta" a gurbin "ne" da "ce". Sai an zo kan kayan hukuma bakinsu ke rabuwa, wannan ya ce kwastan, wancan ya ce duwan.

Rashin suna alama ce ta rashin sabo. Mutane da yawa ba su ji ɗuriyar ƙungiyar sosai ba sai ranar da ta zo musu da kalmomi biyu, takunkumi da yaƙi. Takunkumi a asalinsa abin da ake ɗaura wa bakin dabba ne don kada ta ci ko ta yi cizo, kamar yadda masu wasa da kura ke yi. Duk wanda ya ji an ce an ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, hoton da zai faɗo masa shi ne na baki a ɗaure da mai igiya a hannu. Saboda haka tun kafin a fara kawo hujja, kalmar ta riga ta raba tausayi, ta ba wanda aka ɗaure.

Haka nan kalmar ficewa. Bisa tsarin Parsons na rukunan aikatau, "fita" tana aji na uku, "fice" tana aji na huɗu, "fitar" tana aji na biyar. Wanda ya fita ana sa ran dawowarsa, wanda ya fice kuwa ya tafi ke nan gaba ɗaya, wanda aka fitar kuma an yi masa dole. Zaɓen "fice" da kafofin watsa labarai suka yi daidai ne a nahawu, sai dai ya ɓoye wani ɓangare na labarin, domin kafin ƙasashen uku su fice an riga an dakatar da kowacensu daga zaman ƙungiyar bayan juyin mulki. Mai goyon bayan sojoji yakan ce wanda aka hana zama a zaure bai yi laifi ba idan ya kaɗe rigarsa. Mai goyon bayan ƙungiya yakan ce dakatarwa horo ce ta cikin gida. Rabin gardamar tana kwance ne a tsakanin waɗannan aikatau.

Salon Zumunta

Babu kalamin da ya yi yawo a wannan muhawara kamar cewa Nijeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sunayen biyu na wanda aka haifa ran Juma'a ne, watau abu guda mai suna biyu. A bayansa sai karin magana irin su "hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar", da "tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa", da "idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa". Wannan mutuntarwa ce, an mayar da ƙasashe biyu 'ya'yan ɗaki guda.

Salon yana da gindi a tarihi. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, garin kuwa yana cikin Nijar a yau. Masarautar Gwandu, wadda Jega ke cikinta, ikonta ya kai Sayi a bakin Kwara, ya kai Liptako mai hedikwata a Dori, cikin Burkina Faso ta yanzu. Ke nan sunan da sojojin suka zaɓa wa yarjejeniyarsu ba baƙo ba ne a kunnen masu tarihin Gwandu. Iyakar da ta raba mutanen, mai tsawon kilomita kusan 1,500, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906. Jihohin Nijeriya bakwai ne ke jingine da ita, daga Kebbi har Barno.

Dole a ba wannan salo haƙƙinsa, domin ya yi aiki a lokacin da ake bukatarsa. Da shi malamai da sarakuna da sanatocin Arewa suka taka wa maganar yaƙi burki a Agustan 2023. Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar sun je Yamai a madadin ƙungiyar, Muhammadu Sanusi na Biyu ya gana da Tiani, ayarin malamai a ƙarƙashin Shaihi Abdullahi Bala Lau shi ma ya sami ganinsa a lokacin da ƙofa ke rufe ga wasu jakadu. Da harshen zumunta aka buɗe waɗannan ƙofofi.

Amma fa salon yana da makanta iri biyu. Ta farko, zumunta ba ta san takarda ba. Mai cewa babu abin da zai raba Ɗanjuma da Ɗanjummai yana nuna kamar ficewar ba za ta canza kome ba, alhali jini ɗaya bai hana a rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986 ba, lokacin da fari ya haɗu da rufin har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari, bai kuma hana a sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba. Ta biyu, a gidan Bahaushe 'yan'uwantaka ba ta rasa wa da ƙane. Da zarar mutumin Nijeriya ya ce "ƙannenmu na Nijar", ya ɗora kansa a matsayin mai tsawatarwa, wannan kuwa shi ne ainihin abin da na tsallaken ke ƙorafi a kai. Irin wannan cikas ne ke tattare da kamanta al'amarin da aure, inda ake kiran sanarwar 2024 yaji, wa'adin shekara guda da sashe na 91 na yarjejeniyar 1993 ya gindaya a kira shi idda, shugabannin Senegal da Togo da aka naɗa masu shiga tsakani a Yulin 2024 a kira su 'yan biko. Kamancen yana da daɗin ji, sai dai yana tilasta a tambayi wane ne mijin, a ƙungiyar da kowace ƙasa ke da kujera guda.

Salon 'Yanci

A ɗaya ɓangaren, kalmomin da suka yi tashe su ne 'yanci da bauta da 'yan amshin shata da karnukan farauta. Karin maganar da ta fi dacewa da wannan ra'ayi ita ce "guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni". A nan an siffanta ƙungiyar da bara mai ɗauke da saƙon ubangida, ubangidan kuwa Faransa.

Wannan salo ma bai tashi a banza ba. An shafe shekaru fiye da hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit, amma yawancin ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu. Ƙungiyar da ta zare ido a kan juyin mulkin soja bisa ƙa'idarta ta 2001 ba ta yi wani kataɓus ba sa'ad da Alfa Konde na Gini da Alasan Watara na Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku a 2020. Wanda ya ga an hukunta mai bindiga an ƙyale mai alƙalami, ba za a ce ya yi ƙarya ba idan ya ce ma'aunin biyu ne. Ficewar sojojin Faransa daga Nijar a Disamban 2023, da ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a kundin da aka zartar a Maris na 2025, sun ƙara wa salon armashi, musamman a wurin masu kishin harshe.

Duk da haka, mai sharhi ba zai kau da kai daga abin da kalmar 'yanci ta lulluɓe ba. 'Yancin ƙasa daban, 'yancin ɗan ƙasa daban, Hausa kuwa kalma guda take ba su. Sa'ad da Birtaniya ta so barin Tarayyar Turai, sai da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama ranar 23 ga Yuni, 2016, masu son fita suka sami kusan kashi 52 cikin 100, aka yi ta ja-in-ja har 31 ga Janairu, 2020. A Nijar an yi gangami a tituna, amma ba a tambayi kowa da ƙuri'a ba, ficewar kuma ta tabbata shugaban da aka zaɓa a 2021 yana tsare. Har ila yau, a ranar da ƙasashen uku suka bar ƙungiyar, kuɗinsu yana nan sefa, wanda darajarsa ke ɗaure da yuro bisa lamunin Faransa. An bar ƙungiyar da Gowon da Eyadema suka yi ɗawainiyar kafawa, an zauna a cikin wadda ta gaji kuɗin mulkin mallaka.

Misalin da ya fi kowane nauyi shi ne na Hadijatu Mani, wadda aka sayar a ƙasar Ƙwanni tana da shekara 12. Ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ƙungiyar ta zauna a Yamai ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umurci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ga bauta ta zahiri, ba ta adon magana ba, kuma ƙofar da baiwar ta bi ta sami haƙƙinta tana cikin ginin da aka fice daga cikinsa da sunan 'yanci. Kusan babu wanda ya ambaci wannan kotu a zafin muhawarar, domin salon da ake magana da shi ba shi da gurbin da zai ajiye ta.

Abin da Kasuwar Jega ta Sani

Garin Jega kansa daga irin wannan rikici ya tsiro. Malam Abdussalami na Gimbana almajirin Shehu ne, harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa yana cikin dalilan hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi wa Muhammadu Bello tawaye daga Kware, yana ƙorafin ba a ba shi rabon da ya dace da shi ba, aka yaƙe shi, ya rasu a 1818. Bello ya rubuta bayanin abin da ya gudana tsakaninsu a Sard al-Kalam. Ɗansa Buhari ne ya sasanta da Gwandu ya kafa Jega wajen 1820. Cikin 'yan shekaru garin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, zangon fataken goro masu zuwa Gwanja, har Barth da ya ratsa ƙasar Gwandu a 1853 ya ambace shi a cikin garuruwan ciniki. Watau abin da takobi ya kasa ɗinkewa, sulhu da kasuwa suka ɗinke shi.

Kasuwa tana da nata harshe, wanda fatake suka gina tun kafin a san fasfo. Akwai madugu mai jan ayari, da fatoma mai saukar da baƙo ya tsaya masa, da dillali mai la'ada, da kuɗin fito a bakin gulbi, da lamuni da shaida da amana. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar mutane su zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, babu kuma wanda ke mayar da wani bawan wani. Tambayoyin wannan harshe a fili suke: nawa ne, wa ya tsaya, yaushe za a biya, ina za a kai ƙara idan an saɓa. Daɗin daɗawa, kasuwa ta tanadi kalmar ƙin amincewa wadda ba ta yanke hulɗa. Idan mai saye ya taya bai kai ba, mai kaya yakan ce "albarka", mai saye ya ƙara ko ya wuce, gobe kuma su sake haɗuwa ba gaba.

Da wannan harshe aka yi muhawarar, da an fi jin abubuwan da suka shafi manomin albasa na Aliero da mai sayen hatsi na Maiyama da direban da ke bin hanyar Kamba zuwa Gaya. Ƙa'idar zirga-zirga ta 1979 ita ce ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba biza ya zauna har kwana 90. Tsarin sassauta ciniki na ƙungiyar shi ne ya ɗauke harajin shigo da kaya daga amfanin gona da dabbobi, watau shanu da tumaki da wake da ke gangarowa kudu, da gero da masara da ke haurawa arewa. Gaskiya ne shingayen hanya sun daɗe suna cin rabin wannan alkawari, amma mai kaya yana da takardar da zai nuna. A Disamban 2024 ƙasashen uku suka ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ƙungiyar ba biza, ranar 29 ga Janairu, 2025, ita ma ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da kayansu kamar da, har sai abin da hali ya yi. Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin haƙƙi da alfarma. Abin da yake a rubuce a yarjejeniya ya koma abin da kowane ɓangare zai iya janyewa da sanarwa guda. Wannan shi ne ainihin canjin da ficewar ta kawo, kuma shi ne aka fi ƙarancin faɗa.

Harshen kasuwa zai kuma tuna wa masu muhawara cewa ba duk igiyoyin ne ke hannun ƙungiyar ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, mai mazauni a Yamai, an kafa ta tun 1971, ta girmi ƙungiyar da shekara huɗu. Cinikin wutar lantarki da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi duk tsakanin ƙasashen biyu ne. Muritaniya ma ta fice a shekarar 2000, daga baya ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar a 2017. Ashe ana iya cewa "albarka" a tsakanin ƙasashe.

Ba a ce wannan harshe ya wadatar da kome ba. Ba shi da ma'aunin da zai auna mutuncin ƙasa, ko jinin waɗanda 'yan bindiga ke kashewa a ɓangarorin iyakar biyu. Abin da ya fi sauran da shi kawai shi ne, yana tilasta mai magana ya ambaci riba da hasara da wanda za su faɗa wa.

Kammalawa

An ga yadda kalmomin takunkumi da ficewa suka shata fagen muhawarar tun farko, da yadda salon zumunta ya taimaka wajen hana yaƙi amma ya rage girman abin da aka rasa, da yadda salon 'yanci ya faɗi gaskiya game da Faransa amma ya yi shiru game da ɗan ƙasa. Adon harshe ba laifi ba ne, Bahaushe ba ya jayayya sai da shi. Laifin yana wurin barin karin magana ta tsaya a gurbin hujja, domin kowace karin magana tana da kishiya, wanda ya ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya za a amsa masa da guntun gatari, a tashi ba a matsa ko taki ɗaya ba.

Akwai aiki a gaban malaman Hausa na ɓangarorin biyu. Yarjejeniyoyin da ke hukunta tafiyar Bahaushe da dukiyarsa da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal aka rubuta su, shi kuwa sai dai ya ji labarinsu a bakin mai shinge. Fassara su zuwa Hausa, da daidaita kalmomin da jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya da Yamai za su yarda da su, zai ba mai albasa damar ya karanta sharuɗɗan da kansa, ya san abin da aka taya a madadinsa da abin da aka sallama.